Ranar da Hajo Ta Kwance Mini Harshe

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Kurfi ba, ko da na so in manta, don har gobe akwai tsofaffin da ba za su bar ni ba. Abin ya faru 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Lokacin ina matashin malami mai sabon aure, da sabon keke, da sabon muƙami, da kuma (gara in faɗa da bakina) kai wanda ya fi ƙarfin hulata.

A ofishin ilmi na Dutsin-Ma nake aiki. An tura ni kwas na wata uku a kan yadda ake taimakon yara masu matsalar magana: masu in'ina, da masu tsamin baki, da waɗanda kunnensu ba ya ji sosai har maganarsu ta karkace. Da na dawo aka ce duk makarantun elemantare na ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi suna hannuna ta wannan fanni. Ni zan zagaya in gano yaran, in zaɓi malami guda a kowace makaranta in koya masa abin da zai riƙa yi da su kullum, in komo in duba, in rubuta rahoto. Wata uku kacal na yi a kwas ɗin, amma har tafiyata ta canja.

Ina da wani akwatin katako da nake ɗaurawa a bayan keke. A ciki akwai madubi, da kyandir na koyon fitar da iska, da 'yar ƙararrawa ta gwada ji, da katuna masu hotuna. Farkon zagayena, yara na hango akwatin sai su watse cikin gonaki, wai mai allura ya zo.

Kafin wannan aiki, yaro mai in'ina ba shi da gata a makaranta. Bencin baya ne wurinsa. In ana karatu bi da bi sai malami ya tsallake shi, wani malamin kuma ya zane shi wai da gangan yake yi. A gida a kai shi wurin wanzami a yanke masa linzamin harshe, in ba a ga canji ba a cire shi daga makaranta a huta. Mu muka fara cewa a tsaya tukuna. Abin da muke koyarwa ba wani abu ne mai wuya ba: yaro ya tsaya, ya saki kafaɗa, ya ja numfashi, ya ɗora hannu a ƙirji, sannan ya saki kalmar tare da numfashin a hankali. Malami kuma ya yi shiru ya jira, kada ya ƙarasa masa. Ina alfahari da wannan aiki har yau, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba.

Amma ina da wata mummunar ɗabi'a. In na tara malamai ina koya musu, sai in riƙa kwaikwayon in'ina don su gane irinta. Na ƙware a iri uku: ta mai maimaita gaɓa, da ta mai jan sauti, da ta mai ƙamewa baki buɗe ba abin da ke fita. Da farko don koyarwa nake yi. Da na ga malamai na dariya har da riƙe ciki, sai na riƙa ƙara gishiri. Har a gida nake yi wa matata.

Wata rana mahaifiyata ta ji ni. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Kai yaron nan, ka bar kwaikwayon bayin Allah. Wanda duk ya kwaikwayi mai in'ina, sai ta kama shi."

Na ce, "Inna, wannan ai camfi ne. Mu a kwas an nuna mana ba a ɗaukarta."

Ta ce, "To." Ta ɗauki tsintsiyarta.

A makarantar Tamawa na haɗu da Hajo. Shekarunta ba su wuce goma ba, 'yar wani makiyayi ce mai suna Buba, wanda ya daɗe da kafa rugarsa a gefen garin. Ranar farko na tambaye ta sunanta. Ta buɗe baki, "Ha... Ha... Ha..." Ta yi ta fama, jijiyar wuyanta ta miƙe, 'yan aji suka fara ƙyalƙyala. Sai ta sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan allonta. Ba ta kai ga ƙarshen sunan ba.

Malamin da na damƙa wa ita shi ne Malam Isiyaku, dattijo ne da ya girme ni da kusan shekara ashirin, ba shi da yawan magana. Shi kaɗai ne a cikin malaman da ba ya dariya in ina kwaikwayona (na ɗauka rashin fahimta ce, ku ji fa). Kullum da safe kafin a shiga aji zai zauna da Hajo a gindin tsamiya, su yi numfashi, su yi kalma ɗaya-ɗaya, tana ɗan buga yatsa a cinya a kan kowace gaɓa. Gaskiyar magana shi ya yi aikin, ni na rubuta rahoton.

Ana cikin haka Buba ya zo makaranta, ya yi sa'a ina nan. Ya jingina sandarsa, muka gaisa, ya ce, "Malam, ɗiyar nan a gida tana magana da shanu lafiya lau, har waƙa take musu. Nan ne kuka ɗaure mata baki, yara na yi mata dariya, ta komo tana kuka. Ku ba ni abata."

Na roƙe shi, Malam Isiyaku ya roƙe shi. Da ƙyar ya ce ya ba mu zuwa faɗuwar ruwan farko. In damina ta sauka bai ga wani abu ba, zai ɗauke ta.

Sai kuma ga takarda daga Katsina. Babban jami'in ilmi zai zo ya ga aikin da idonsa, don wasu sun kai magana cewa ɓata lokacin malamai kawai muke yi a kan yara 'yan ƙalilan. In bai gamsu ba za a rufe shirin, ni in koma aji, yaran kuma su koma bencin baya. Aka shirya taro a makarantar Kurfi, aka gayyaci iyaye da masu gari. Tsarin shi ne in yi jawabi, sannan yara uku su yi karatu a gaban jama'a, Hajo ce ta ƙarshe.

Na rubuta jawabi shafi huɗu, na cika shi da manyan kalmomi. Na yi ta bitarsa a gaban madubin nan na yara. Na karanta wa matata shi har ta haddace, in na tsaya shan ruwa sai ta ci gaba daga inda na tsaya.

A nan sai in gaya muku wani abu game da matata. 'Yar Wurma ce, mahaifinta kuwa malami ne kuma manomi da ake ganin girmansa a garin. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Ko wani mai irin sunan na haɗu da shi, sai dai in ce mai sunan Baba. (Yanzu da ya daɗe da rasuwa, kuma alƙalami ne zai faɗa ba bakina ba, zan iya rubutawa: Malam Bawa.) Ban san zai zo taron ba. Ashe dagacin Wurma ne bai ji daɗi ba, ya wakilta shi.

Ranar ta zo da zafin bazara irin wanda tun hantsi riga ke manne wa mutum a baya. An jera kujeru da tabarmi a inuwar itatuwan bedi. 'Yan makaranta sun zauna sahu-sahu, iyaye maza a gefe, mata a can baya. Har lasifika aka aro daga wurin masu majigi, aka haɗa ta da batir, aka rataya a reshe. Ban taɓa magana da lasifika ba, amma na nuna kamar da ita aka haife ni.

Ina miƙewa, hedimastan Kurfi ya cusa mini wata 'yar takarda a hannu, ya ce, "Sunayen manyan baƙi ne, ka fara da gaishe su bi da bi." Ban ko duba ba. Na gyara babbar rigata, na yi sallama, na ji muryata ta tashi har bakin kasuwa. Daɗi ya kama ni. Na gaida babban jami'i, na gaida wakilin hakimi, na gaida liman, ina yi ina jan kowane suna kamar sanƙira.

Sai na ce, "Da wakilin dagacin Wurma, Malam Ba..."

Idona ya riga harshena isa ƙarshen sunan. Na ɗaga kai. Ga shi nan zaune a sahun gaba, da farin rawaninsa da carbinsa, yana kallona.

Rabin sunan ya riga ya fita. Ba halin ƙarasawa, ba halin mayarwa. Dabara ta zo mini in juya shi ya zama Baba. Abin da lasifika ta watsa wa mutanen Kurfi shi ne, "Malam Ba... Ba... Baba... Ba... Ba..."

Na ce bari in tsallake. Layi na gaba a takardar cewa ya yi, da sauran baƙi. Na ce, "Da sauran ba... ba... ba..." Na yar da takardar hedimasta na rarumi jawabina. Jimlar farko, wadda na yi mako biyu ina gogewa, ta fara ne da, babban abin da ya tara mu. Na dube ta, ta dube ni.

Abin da ya fi ciwo shi ne malamaina sun ɗauka wasan nan nawa na kullum ne. Suka fashe da dariya, wasu har da tafi. Na ji wani yana gaya wa na kusa da shi, "Ai ka tsaya, yanzu zai yi ta mai ƙamewa." Kuma na yi ta. Bakina ya buɗe, muƙamuƙina ya ƙage, iska ta tsaya mini a maƙogwaro, ba abin da ke fita sai wani ɗan sauti kamar na ƙofar da ba a sa wa mai ba. Duk iri ukun da na ƙware a kansu sai da suka ziyarce ni ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi mini rangwame.

A hankali dariya ta mutu, don sun ga zufa na zuba daga haɓata. Babban jami'i ya cire tabarau ya rubuta wani abu a littafinsa. Daga can baya na ji wata tsohuwa ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Ai ta kama shi."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Agogo zai ce minti ɗaya ko biyu. Ni dai na ga shirin nan ya rushe, na ga Buba ya kama hannun 'yarsa, na ga kaina ina bin bayan gari zuwa Dutsin-Ma don kada in haɗu da kowa.

Sai na ga wata 'yar yarinya ta miƙe daga cikin sahun 'yan Tamawa. Hajo ce. Malam Isiyaku ya miƙa hannu kamar zai riƙe ta, sai kuma ya janye. Ta ratso tsakiyar fili ba takalmi, ta zo ta tsaya a gabana. Da yake kusa da abin magana take, kowa ya ji abin da ta ce.

"Malam, tsaya."

Na tsaya. (Da ma a tsayen nake.)

"Saki kahwaɗa. Ja numhwashi. Sa hannu ga ƙirji."

Na ɗora hannu a kan aikin babbar rigata, a gaban wakilin hakimi, da liman, da surukina.

"Kar ka dubi mutane, ni za ka duba. Ba mai korar ka. In ka shirya ka hwaɗi."

Kalmomin da muke gaya wa yaran ne, ɗaya bayan ɗaya, har da yadda Malam Isiyaku ke sassauta murya. Kuma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yarinyar da ta kasa faɗin sunanta a gaban 'yan aji, ga ta tana ba da umarni ta lasifika.

Na ja numfashi. Na sake ja. Na ji maƙogwarona ya buɗe. Amma sunan nan yana nan yana jirana, kuma numfashi ba ya maganin surukuta. Hajo ta duƙa ta ɗauko takardar hedimasta ta miƙo mini, tana nuna layin da yatsa, tana jira in faɗa, kamar yadda aka koya mata cewa ba a tsallake kalmar da ta gagara.

Surukina ne ya cece ni. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗiyata, gaya mishi gaisuwar ta iso, an amsa. Shi wuce gaba."

Wani mutumin Wurma ya ce, "Surukinsa ne fa." Maganar ta bi sahu-sahu har wurin mata. Sai wurin ya ɓarke da dariya, irin wadda har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Babban jami'i ya sunkuya aka yi masa bayani, shi ma kafaɗunsa suka fara rawa.

Na ninke shafi huɗun nan na sa a aljihu. Hannuna na kan ƙirji na ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Jama'a, kun ga ciwon. Kun kuma ga maganin. Wannan ita ce Hajo ta makarantar Tamawa, ɗalibar Malam Isiyaku. Ita za ta fara karatu." Iyakar jawabina ke nan, kuma shi ne karo na farko da na ambaci sunan Malam Isiyaku a gaban manya.

Hajo ta buɗe littafinta ta karanta shafi guda. Sau biyu ta sarƙe. Duk sau biyun ta tsaya, ta ɗora hannu a ƙirji, ta ja numfashi, ta wuce. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ƙarasa mata. Jama'ar nan duka suka jira ta. Na hango Buba a tsaye can gefe, ya dogara haɓa a kan sandarsa, bai ko ƙifta ba. Sauran yaran biyu ma suka yi nasu lafiya.

Da aka tashi, babban jami'i ya kira ni. Ya ce, "Malam, wannan abin shirya shi kuka yi?"

Wallahi na so in ce e. Kalmar tana kan harshena, kuma ita ba ta da niyyar sarƙewa. Sai na ga Malam Isiyaku a tsaye a bayansa yana kallona. Na ce, "Ranka ya daɗe, da shiri ne da na zaɓi wanda bai kai wannan zafi ba."

Jami'in ya ce ya karanta rahotannina duka, bai gane abin da muke yi ba sai yau. Ya ce aiki ya ci gaba, kuma a turo masa sunayen malaman da ke yin sa.

Buba ya same ni ina ɗaure akwati a keke. Ya ba ni hannu, ya ce Hajo za ta zauna a makaranta. Har ya juya sai ya komo, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Malam, in ka samu sarari ka riƙa zuwa Tamawa. Ɗiyar tana da haƙuri, za ta koya maka."

Saura surukina. Na je na durƙusa nesa kaɗan, idona a ƙasa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Sunan nawa bai kai nauyin haka ba. Amma na ga yadda ka ɗauke shi. Allah shi yi albarka." Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba. Mutanen Wurma ne dai suka tayar da ita a madadinsa, shekara da shekaru.

Labari kuwa ya riga ni isa gida, ban san ta yaya ba, alhali ni ke da keke. Ina shiga na tarar da matata ta juya baya tana ta gyaran tukunyar da ba abin da ya same ta. Inna ta ce mata, "Ba shi ruwa. Kar a tambaye shi komi, kar ta tashi."

Ni dai na san ba kamuwa na yi ba, tsoro ne da kunya suka haɗu suka shaƙe ni, kuma in'inar ba ta sake dawo mini ba. Amma tun daga ranar ban ƙara kwaikwayon mai in'ina ba. Minti biyun nan sun nuna mini abin da wata uku ba su nuna mini ba: yadda idanun mutane ke yi wa mutum nauyi, da yadda dariya ke ƙara ɗaure harshe. Ni sau ɗaya na ɗanɗana, na kusa barin gari. Yaran nan kullum suke tashi da shi, kuma su ɗauki allo su taho makaranta.

Na yi shekaru ina wannan zagaye, malaman da muka koya wa suka koya wa wasu. Hajo ta gama elemantare ta wuce gaba, daga baya ita ma ta zama malama. Duk sanda muka haɗu takan durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ba ta taɓa ambatar ranar ba, sai dai nakan ga gefen bakinta na motsi.

Abin da na koya guda biyu ne. Duk takardar da aka cusa maka a hannu, karanta ta kafin ka miƙe. Sannan in za ka koya wa yara wata dabara, ka tabbata an koya musu ita da kyau, don ba ka san ranar da za a gwada ta a kanka ba, a gaban surukinka, da lasifika a kunne.